Feshin Maganin Gona: Ido Ya Gaza, A Ɗauko Mudu

Hausawa na cewa ido ba mudu ba, amma ya san ƙima. Duk wanda ya saba da masu awon hatsi a Babbar Kasuwar Duwala ya san gaskiyar wannan magana, domin tsohon ɗan kasuwa kan dubi buhu ya faɗi yawan tiyar da ke ciki, a auna kuma a tarar bai kauce ba. To amma akwai awon da ido ba ya iya yi komai ƙwarewar mai shi, wato awon maganin ƙwari da na ciyawa da ake fesawa a gonakin ƙasar nan. Ruwa ne da ke fita kamar hazo, iska ta ɗauki wani, ƙasa ta shanye wani, wani ya sauka a kan ganye, wani kuma a bayan mai feshin. Idan aka tambayi mai gona nawa ya sauka a inda ake so, nawa ya tafi wani wuri, iyakarsa ya ce yana zaton kaza. Zato kuwa ba abin da za a ɗora lafiyar jama'a a kansa ba ne.

Wataƙila mai karatu ya ce ina ruwan mazauna New Bell da sauran unguwannin Hausawa na Duwala da zancen feshi, alhali galibinmu 'yan kasuwa ne da mahauta da direbobi da teloli, ba mu da gona sai ɗan fulotin da muke zaune a kai? Amsar tana cikin tukunyarmu. Tumatirin da ke cika kasuwar Sandaga daga Fumbot da kewayenta yake zuwa. Albasa daga Marwa da Garwa take saukowa, haka wake da gyaɗa da masara. Ayabar da manyan motoci ke wucewa da ita zuwa tashar jiragen ruwa da ke ƙarƙashin Bonanjo daga Njombe da Fenja da Tiko ake yanko ta. Wani kaso na ruwan famfon da birnin nan ke sha daga tashar Yato yake fitowa, wadda ke ɗiba daga kogin Mungo, kogin da ya ratso yankin manyan gonaki. Sannan da wuya a sami gida a cikinmu da ba shi da ɗan'uwa mai noman auduga ko albasa a Arewa. Ashe ke nan mu ne masu sayen abin da aka fesa wa magani, mu ne dillalansa, mu ne masu cinsa, kuma 'yan'uwanmu ne ke goya famfon.

Saboda haka ra'ayinmu a wannan fili shi ne, lokaci ya yi da hukuma za ta wajabta wa duk mai feshi da jirgin sama ko da babban inji ya ɗaura na'urorin da ke aunawa da rubuta abin da injinsa ya fitar, kuma bayanin ya zama abin da hukuma da maƙwabtan gona za su iya gani. Ƙaramin manomi kuma a kai masa awon da ya yi daidai da aljihunsa. Kafin mu kawo dalilanmu, ya kamata mu ɗan tsaya mu ga yadda feshi yake aiki, domin sai an san ciwo ake sanin maganinsa.

Yawan maganin da ke sauka a kan kadada guda, wato hekta, ya rataya ne a kan abu uku: yawan ruwan da bakin famfo ke fitarwa a minti ɗaya, saurin tafiyar mai feshi, da kuma faɗin wurin da feshin ke rufewa. Mu ɗauki misalin manomi mai famfon goyo mai cin lita 15. Idan bakin famfonsa na fitar da lita 1 a minti, yana takawa mita 1 a daƙiƙa, feshin kuma na rufe faɗin mita 1, to a minti ɗaya ya gama murabba'in mita 60, kuma hekta za ta ci masa kimanin lita 167, wato cikin famfo 11 da ɗan ɗori. Yanzu a ce bakin famfon ya cinye saboda tsufa da ruwa mai yashi, ya koma fitar da lita 1.2 a minti. Hektar nan za ta sha lita 200. A ce kuma rana ta yi, gajiya ta kama shi, tafiyarsa ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Sai lissafi ya haura lita 266, kusan cikin famfo 18. Gona ɗaya ce, mutum ɗaya ne, haɗin magani ɗaya ne, amma abin da ya zuba ya ƙaru da kashi 60 cikin 100, kuma shi bai ga wani canji da idonsa ba. Kuɗinsa ya tafi, ragowar guba ta ƙaru a jikin amfanin, ƙasa ta sha abin da ba ta buƙata.

Haka nan idan abin ya juya, bakin famfo ya toshe ko aka yi sauri fiye da ƙima, maganin ba zai isa ba. Ƙwarin da suka fi rauni su mutu, masu taurin rai su tsira su hayayyafa, bayan 'yan shekaru a wayi gari maganin ya daina ci, manomi ya ce jabu aka sayar masa. Akwai kuma batun girman ɗigo. Masana sun nuna cewa idan ana son ninka ruwan da ke fita daga bakin famfo ta hanyar ƙara matsi, sai an ninka matsin sau huɗu, kuma duk lokacin da matsi ya ƙaru ɗigon kan ƙanƙance. Idan aka raba faɗin ɗigo biyu, ɗigo ɗaya ya zama takwas, kowane kuma ya fi sauƙin tafiya da iska. Ɗigon da bai kai kaurin gashin kai ba yana iya shawagi ya sauka a rijiyar maƙwabci ko a kan shanyar wata baiwar Allah. Wannan ne ya sa masu ƙera kayan feshi suka ba bakin famfo launi bisa ƙa'idar duniya: a matsin ba 3, rawaya na fitar da lita 0.8 a minti, shuɗi 1.2, ja kuma 1.6. Ƙa'idar masana ita ce, da zarar abin da yake fitarwa ya haura na sabo da kashi 10 cikin 100, a jefar da shi a sa wani. Manomanmu nawa ne aka taɓa faɗa wa wannan?

To a nan ne ƙananan na'urorin nan da ake kira sensa suke shigowa. Aikinsu ji da aunawa. Akwai mai auna yawan ruwan da ke wucewa ta cikin tiyo, akwai mai auna matsi, akwai mai auna saurin tafiya da inda inji yake ta hanyar tauraron ɗan'adam, wato GPS, akwai mai auna ƙarfin iska da inda ta dosa da zafin rana, akwai mai auna tsayin hannun feshi daga kan shuka. Idan aka haɗa su wuri guda suka riƙa aika rahoto ga wata 'yar kwamfuta da ke gaban direba, sai a sami sarƙa mai magana da juna. Tushen wannan fasaha daga masana'antar motoci ya fito, domin kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da tsarin CAN a 1986 don sassan mota su riƙa musayar bayani ta waya guda, daga baya masu injinan noma suka gina nasu tsarin mai suna ISOBUS a kansa, yadda tarakta ta wani kamfani za ta fahimci injin feshin wani kamfanin.

Amfanin wannan sarƙa iri biyu ne. Na farko gyara nan take. Idan direba ya rage gudu a kwana, kwamfuta ta rage ruwan. Idan baki ɗaya cikin talatin ya toshe, ta yi ƙara ta nuna wanne ne. Idan inji ya dawo kan layin da ya riga ya fesa, ko ya kai bakin rafi, ta rufe wannan ɓangaren da kanta. Abin ma ya wuce nan, domin a 2017 kamfanin John Deere na Amurka ya sayi wani ƙaramin kamfani mai suna Blue River Technology a kan dala miliyan 305 saboda fasaharsa ta kyamarar da ke bambance ciyawa da shuka, ta fesa wa ciyawar kaɗai. Amfani na biyu, wanda mu ya fi damunmu, shi ne shaida. Na'urar kan ajiye tarihin aikin: ranar kaza, ƙarfe kaza, a wuri kaza, an fitar da lita kaza, iska na kaɗawa ta gefe kaza. Wannan shi ne mudun da muke cewa a ɗauko.

Bari mu dubi inda aka fi buƙatarsa a kusa da mu. Ƙasa da kilomita 100 daga Duwala, a kan hanyar Nkongsamba, akwai gonakin ayaba na kamfanin PHP, reshen Compagnie Fruitière mai hedikwata a Marsey ta Faransa. A yankin Kudu maso Yamma kuma akwai na CDC, kamfanin gwamnati da aka kafa tun 1947. Kamaru na fitar da kimanin tan dubu 200 na ayaba a shekara, galibi zuwa Turai, kuma dubban iyalai ne ke ci daga wannan aiki. Babbar abokiyar gabar ayaba a irin wannan ƙasa mai yawan ruwa da laima ita ce cutar baƙin tabo ta ganye da ake kira sigatoka. Idan ba a yi mata feshi ba ganye ya ƙone, ayaba ta nuna tun kafin jirgi ya kai ta Turai. Shi ya sa ake feshi da jirgin sama. Masu bincike sun rubuta cewa a can baya, lokacin da ake bin tsarin duba ganye da yanayi kafin a tashi jirgi, feshin bai wuce sau 15 a shekara ba. Da cutar ta saba da magungunan da ke shiga jikin shuka, sai aka koma waɗanda ruwan sama ke wankewa, adadin ya kai sau 40 ko fiye.

Jama'a, jirgin da zai tashi sau 40 a shekara a kan gonakin da ke manne da garuruwa da makarantu da hanyar mota, ai ba ƙaramin abu ba ne. Mazauna yankin sun daɗe suna kokawa, har wani ɗan ƙasar nan, Franck Bieleu, ya yi fim a kan rayuwar yankin ayaba a 2011. Kamfanoni kuma na cewa suna bin ƙa'ida, suna da takardun shaidar da masu saye na Turai ke nema. Mu ba alƙalai ba ne, ba kuma za mu yanke wa kowa hukunci a shafin jarida ba. Abin da muke gani shi ne gardamar ta ƙi ƙarewa saboda kowane ɓangare maganar baki yake yi. Mai gida ya ce hazon ya sauka a kan rufinsa, mai jirgi ya ce bai wuce iyaka ba. Alhali jiragen feshi na zamani da GPS suke bin layi, kuma na'urar na iya nuna daidai inda aka buɗe famfo da inda aka rufe. Idan mai jirgi na da gaskiya, rubutun na'ura zai wanke shi. Idan mai gida ke da ita, rubutun zai tsaya masa. Wanda duk ya ƙi a buɗe littafin, to shi ya jawo wa kansa zargi.

Wanda ke ganin mun cika azarɓaɓi ya dubi abin da ya faru a tsibiran Gwadaluf da Martinik, waɗanda ke ƙarƙashin Faransa. Daga 1972 zuwa 1993 an yi amfani da wani magani mai suna kulodekon a gonakin ayaba don kashe ƙwaron da ke cin gindinta, duk da cewa Amurka ta dakatar da shi tun a shekarun 1970. Yau shekara sama da 30 da dainawa, amma gubar na nan a ƙasa da rafuka da bakin teku, an hana kamun kifi a wasu wurare, kuma binciken hukumar lafiya ta Faransa ya gano alamarta a jinin fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen tsibiran. Gaskiya ne wannan magani a gindin ayaba ake zuba shi, kuma laifin na maganin ne kansa. Amma darasin ya shafe mu: abin da aka zuba a gona ba a rubuta ba, jikoki ne za su biya kuɗin nemo inda yake. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ita Tarayyar Turai da ke sayen ayabarmu ta riga ta gyara gidanta. Dokarta ta 2009 kan amfani da maganin ƙwari ta haramta feshi da jirgin sama sai da izini na musamman, ta kuma wajabta a riƙa kai injinan feshi gwaji kamar yadda ake kai mota, da farko duk shekara 5, daga 2020 kuma duk shekara 3. Abin tambaya a nan shi ne, idan Bature ya ga bai dace jirgi ya yi feshi kusa da gidansa ba sai da sharaɗi mai tsauri, me ya sa ayabar da zai ci za a fesa ta kusa da gidan ɗan Njombe ba tare da an nuna masa ko takarda ba? Ba cewa muke a kwafo dokar Turai tsaf ba, domin a nahiyar Turai kanta ba su da sigatoka, ba su da ruwan sama irin na Duwala da ke haura milimita 3,500 a shekara. Cewa muke idan dole sai an yi, to a yi shi da mudu.

Kuma ba sai an ƙirƙiro sabuwar hukuma ba. Kamaru na da dokar kare tsirrai mai lamba 2003/003 ta ranar 21 ga Afrilu 2003, akwai kuma kwamitin ƙasa a ƙarƙashin Ma'aikatar Noma wanda aikinsa, kamar yadda sunansa ya nuna, shi ne amincewa da magunguna da kuma tantance kayan feshi. Har ila yau a Yawunde ne hedikwatar majalisar kare tsirrai ta Tarayyar Afirka take. A Njombe kuma akwai cibiyar binciken ayaba ta CARBAP, ga IRAD da rassanta a faɗin ƙasa. Doka akwai, masana akwai. Giɓin shi ne tantance inji ranar da ya shigo ta tashar jiragen ruwa ba ya nuna halin da zai kasance bayan damina uku. Sensa ce ke iya cike wannan giɓi, domin ita kullum tana tare da injin, ba ta jiran kuɗin mai kafin ta fita rangadi.

Sai dai kada daɗin zancen na'ura ya sa mu manta da inda mafi yawan feshin ƙasar nan yake. Ba a jirgi yake ba, a bayan talaka yake. Wani bincike da Farfesa Graham Matthews na Imperial College da ke Landan da abokan aikinsa suka buga a 2003 kan yadda ake feshi a Kamaru ya nuna cewa famfon goyo ne ya fi yawa a hannun manoma, kuma yoyo da rashin kayan kariya na cikin manyan matsaloli. Duk wanda ya bi ta gonakin tumatir ko koko ya ga mai feshi da riga jiƙe sharkaf a baya ya san zancen bai tsufa ba. A Arewa kuma, inda SODECOTON ke kula da noman auduga tun 1974, manoma sun saba da wani ɗan famfo mai faifai da ke juyawa da batir irin na tocila, wanda ke feshi da ruwa kaɗan ƙwarai. Dabara ce mai kyau ga ƙasar da ruwa ke wuya. Amma idan batir ya yi sanyi faifan kan rage gudu, ɗigo ya yi girma, feshin ya lalace, manomi kuwa bai sani ba. 'Yar fitila guda da za ta kunna ta ce batir ya yi ƙasa ita ma sensa ce, kuma a wurin wannan manomi ta fi kyamarar John Deere amfani.

Masu ja da wannan ra'ayi na da hujjoji, kuma ba za mu raina su ba. Na farko tsada. Gaskiya ne cikakkiyar sarƙar na'urori ta fi ƙarfin ƙaramin manomi, shi ya sa muka ce wajabcin ya tsaya kan masu jirgi da manyan injina da masu jirage marasa matuƙi da suka fara yaɗuwa a nahiyar nan, waɗanda dama da na'urar rubuta tafiya ake ƙera su. Na biyu rashin intanet da wuta. Ba mu manta ba a 2017 an rufe intanet a yankuna biyu masu magana da Ingilishi kusan wata uku, kuma gonakin CDC a can suke. Don haka kada a karɓi na'urar da ba ta aiki sai da layi. Ta iya ajiye bayaninta a cikinta, a kwashe daga baya. Na uku gyara. A Amurka kanta manoma sun daɗe suna kukan cewa an kulle musu injinansu da manhaja, ba mai iya gyarawa sai wakilin kamfani, har hukumar kula da cinikayya ta ƙasar ta kai John Deere kotu a watan Janairun 2025. Idan manomin Amurka ya yi kuka, ina ga namu? Duk kamfanin da zai sayar da irin wannan kaya a Kamaru a sa masa sharaɗin koya wa yaranmu gyara da ajiye kayan gyara a cikin ƙasa. Matasan da ke farke wayar salula su mayar a kasuwannin Duwala ba za su kasa gyara ma'aunin matsi ba.

Hujja ta huɗu ita ce mafi nauyi: wa zai riƙe bayanin? Idan rubutun na'ura ya tsaya a ofishin kamfani, ko ya wuce kai tsaye zuwa mai saye a Turai, to ɗan ƙauye bai ƙaru da komai ba, sai ma a mayar da na'urar sandar dukan lebura, a ce ya yi jinkiri a yanke masa albashi. Bugu da ƙari ita ma na'ura tana ƙarya idan ba a daidaita ta ba, kamar yadda sikelin mahauci ke ƙarya idan an taɓa shi. Saboda haka dole wani wanda ba ma'aikacin kamfanin ba ya riƙa gwada ta lokaci-lokaci ya buga mata hatimi. Kuma a sani sensa na faɗin nawa aka fesa ne kawai. Ba ta faɗin ko maganin ya halatta, ko jabu ne, ko an jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a tsinki tumatir a ɗora a mota. Wannan aikin malamin gona ne da mai binciken kasuwa da kuma tsoron Allah.

Ga wanda lafiyar jama'a ba ta motsa shi ba, to ya dubi aljihunsa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar maganin diklobos da ya wuce ƙa'ida, aka yi ta tsawaita haramcin shekara da shekaru. Ba kowane ɗan kasuwa ne ya zuba maganin ba, amma kowa ya sha hukuncin. A nan gida ma a 2016 Ma'aikatar Noma ta haramta magungunan da ke ɗauke da metalaksil saboda ragowarsa a jikin koko na barazana ga kasuwar ƙasar a waje. Duniyar yau ba ta sayen kaya da rantsuwa, takarda take nema. Ƙasar da za ta iya nuna abin da ta fesa, da rana da wuri da adadi, ita za ta riƙe kasuwa.

Don haka muna kira ga Ma'aikatar Noma da ta ɗauki matakai huɗu. Ɗaya, duk izinin feshi ta sama ya zo da sharaɗin miƙa rubutun na'ura, wato layin da jirgi ya bi, da adadin da ya fitar, da yanayin iska, kuma a ajiye kwafi a ofishin magajin garin da abin ya shafa yadda sarakuna da malaman asibiti za su iya dubawa. Biyu, a shata tazarar da ba a feshi a kewayen gidaje da makarantu da rafuka, a shigar da ita cikin kwamfutar jirgi ta riƙa rufe famfo da kanta. Uku, a kafa wuraren gwajin famfon goyo a ranakun kasuwa a Fumbot da Mbanga da Garwa da Marwa da makamantansu. Kayan aikin ba su da yawa: kofin awo, agogo, ma'aunin matsi, sabon bakin famfo, da 'yar takardar nan rawaya da ke komawa shuɗiya duk inda ɗigo ya taɓa, wadda ke nuna wa manomi da idonsa inda feshinsa ke sauka. Huɗu, a sauƙaƙa harajin shigo da ɗan bawul ɗin da ake ɗaurawa a bayan bakin famfo ya riƙe matsi daidai komai ƙarfin bugun hannu, a kuma tsananta wa masu shigo da famfon da ke yoyo tun yana sabo.

Mu ma a unguwanninmu akwai abin da ya rataya a wuyan shugabanninmu. Sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan albasa da 'yan hatsi na da murya a wurin manoman da suke saye a hannunsu. Babban dillalin da ke ɗaukar mota goma a mako idan ya fara tambayar yaushe aka yi feshin ƙarshe, manomi zai fara rubutawa. Ya kamata kuma su tsawata wa masu ɗura maganin ƙwari a kwalbar lemo suna sayarwa ba suna ba ƙa'ida, da masu yayyafa maganin gona a cikin buhun wake don kada ya yi ƙwari a sito. Limamanmu sun sha karanta mana surar da aka sa wa sunan masu tauye mudu. Wanda ya sayar wa mutum abinci da gubar da bai faɗa masa ba, ya tauye shi a abin da ya fi hatsi tsada. Wannan magana ta cancanci huɗubar Juma'a.

A ƙarshe, ba ma adawa da maganin gona, domin mun san ɓarnar da tsutsar masara ta yi tun shigowarta Afirka a 2016, mun kuma san cewa in ba feshi, ayaba da koko da auduga ba za su ciyar da masu cinsu ba. Buƙatarmu a san nawa aka zuba, a ina, kuma a bar wanda abin ya sauka a kansa ya gani. Ofisoshin da za su iya fara wannan aiki a yankinmu suna nan Bonanjo, ba nisa da tashar da ayabar ke fita. Muna fata wakilanmu a majalisa da na ƙananan hukumomin Mungo da Wuri za su ɗauki maganar tun kafin damina mai zuwa. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace, Ya kare mu da zuri'armu daga cutar da muke gani da wadda ba mu gani, amin.